Rabin Maƙoƙon Malam Bahago

Fatakwal,
3 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Yaya Bahago,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Rahama da su Fa'iza da duk mutanen birni. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da gwiwata da take tuna mini shekaruna kowace safiya.

Yaya wuyan? Kar gabanka ya faɗi, na liƙe ambulan da kyau, kuma Yahaya direba albasa yake kawowa Fatakwal, ba ruwansa da takardar mutane. Tun da ka ce maganar waya kunnen kowa take shiga, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Har yau ban gaya wa kowa an yi maka aikin maƙoƙo an cire rabi ba. Ko ɗana Muntasir ce masa na yi ka je Kaduna hutawa. Na san dalilinka. Sunan "gidan masu maƙoƙo" da aka liƙa mana saboda kakarka Iya Hassana, yayar kakana, sai da ya shekara arba'in kafin bakin mutane ya sake shi, ga kuma 'yan mata uku a gabanka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Muntasir ya ga yarinya tun yana karatu a Zariya, sunanta Ihsan, 'yar Alhaji Ashiru mai hatsi na Kusfa. Aikin jinya take yi. Shekara uku suna tare, yaron nan in aka ambaci sunanta har cokali yake saki. Iyayenta sun ce a turo manya. Ka san marigayi mijina Abdullahi, uban Muntasir, ɗan ƙanin mahaifinka ne, kuma duk dangin uban yaron nan kai kaɗai ka rage a tsaye. Kai ne ubansa yanzu.

An gaya mini gidan Alhaji Ashiru gidan nutsuwa ne, suna auna mutum tun daga yadda ya cire takalmi. Shi ya sa hankalina kwance yake. Duk birni an san ka da sanyi, kai da akuya ta ci rabin rigar da kake ɗinki ka tsaya kana yi mata nasiha. Ka je mini da wannan sanyin naka mai ban haushi, yau ga ranarsa.

Taubashiyarka,
Jummai.

*

Birnin Zariya,
11 ga Yuli, 2024.

Hajiya Jummai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa, amma na karanta. Kowa lafiya, suna gaishe ki. Gwiwa kuma ki rage zama kan kujera kina ba da umarni, za ta saki.

Maganar Muntasir na karɓa hannu biyu. Neman aure ashirin da uku na jagoranta a birnin nan, ko ɗaya bai dawo ba, na ɗan Abdullahi ba zai zama na farko ba in sha Allahu. Na aika Kusfa, sun ba mu Asabar ta ƙarshen wata bayan la'asar. Zan tafi da maƙwabcina Malam Auwal.

Kin tambayi wuya. Jummai, ban taɓa jin lafiya irin ta kwanakin nan ba. Wajen wata guda ke nan wani ƙarfi ya zo mini da ban san daga ina ba. Jiya na taka daga gida har Gyallesu na dawo, masu keke suna ta yi mini hon ina ɗaga musu hannu. Tuwo malmala huɗu nake tashi da shi, da hantsi in nemi ɗumame, kafin azahar cikina yana kira kamar ban karya ba. Abin mamaki kuma ba ƙiba, mazagin wandona ma sau biyu ina ƙara ɗaure shi. Barcin awa uku ya ishe ni. Ana ruwa kowa ya duƙunƙune a bargo, ni ina zaure da mafici. Rahama ta ce in koma asibiti, na ce mata ban taɓa jin wanda ya je wurin likita ya kai ƙarar lafiya ba.

Abu ɗaya ke ɓata mini rai, allurar zamanin nan. Sun rage mata kafa, sai in yi minti goma zare bai shiga ba, ni da na shekara arba'in ina aikin babbar riga. Tabon kuma yana nan kamar an ja zare a gindin wuya. Hirami nake naɗawa, mutane sun ɗauka tsufa ne ya zo da ƙarin malanta.

Ki gaya wa Muntasir ya kwantar da hankalinsa.

Yayanki,
Bahago.

*

Fatakwal,
19 ga Yuli, 2024.

Yaya,

Ina gaisuwa, kowa lafiya. Wallahi na ji daɗin takardarka, har na karanta wa Muntasir wajen tafiya Gyallesu, na tsallake wajen hirami. Ashe maƙoƙon nan ne ya danne ka shekara da shekaru muna cewa haƙuri. Ka ci, ka ƙara, jiki ne yake rama abin da ya rasa.

Ga saƙo wurin Yahaya: busasshen kifin teku rabin buhu da gishiri mai aidin leda goma. Tun muna yara rediyo take cewa rashin aidin ke kawo maƙoƙo, to kar rabin da ya rage ya ce shi ma zai kumbura. A sa maka kifin a kowace miya, gishirin kuma ka lasa kaɗan da safe kafin ka karya. Wata maƙwabciyata ta ce haka ake yi.

Sai dai don Allah ka daina rubuta wasiƙa a kan gwiwa, ko kana tafiya kake yi? Layukanka sun zama kamar sawun kaza a kan laka, sai da na sa tabarau biyu. Allah ya kai mu Asabar lafiya.

Jummai.

*

Birnin Zariya,
28 ga Yuli, 2024.

Hajiya Jummai,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Kifi da gishiri sun iso, ina bin umarni. A kan tebur nake rubutu, teburin ne ƙafarsa ɗaya ta gajarce.

Jiya mun je Kusfa. A ganina komai ya tafi daidai, sai dai mutanen suna da nawa. Alhaji Ashiru ya tara yayansa da ƙannensa biyu a zaure, kuma yayan ne mai magana, wani dattijo da yake jan kowace kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ya gaishe mu, ya gai da gida, ya gai da damina, ya gai da kasuwa, ya dawo ya sake gai da gida. Zauren kuwa zafi kamar gidan burodi, ban san yadda su suka zauna da manyan riguna ba gumi ba.

An kawo waina da miyar taushe da kaza biyu. Na san al'ada, a taɓa ne a ture. Na taɓa. Hannun mai girkin yana da kyau, na sake taɓawa. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan wuce yadda aka saba, amma ai karrama abincin mutane ne.

Da dattijon ya shiga tarihin yadda kakansu ya fara awon gero, na ji zuciyata tana buga ƙirji kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Na duba na ga magariba tana matsowa ba a zo kan magana ba. Sai na taimaka masa. Na ce, "Alhaji, gero dai mun san shi. Za ku ba mu yarinyar ko ba za ku ba mu ba?"

Suka dubi juna, ina jin sun yaba da rashin ɓata lokaci. Malam Auwal ya yi ta taka mini ƙafa, zauren ƙunci ne da shi. Alhaji Ashiru ya ce sun ji, za su yi shawara su aiko.

Da za mu fito muka yi kiciɓis da yarinyar a ƙofa, ta dawo daga aiki da fararen kaya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu. Tana da tarbiyya, sai dai ta ɗago ta dube ni fiye da yadda ya kamata, na bar shi a ƙuruciya. Ki fara tanadin lefe.

Yayanki,
Bahago.

*

Birnin Zariya,
4 ga Agusta, 2024.

Yaya Jummai,

Assalamu alaikum. Rahama ce. Ina fatan kina lafiya. Malam bai san na rubuto ba, na ba Yahaya a ƙofar baya.

Ban san abin da ya gaya miki game da Kusfa ba, amma ga abin da matar Malam Auwal ta kawo mini. Kaza biyun nan shi kaɗai ya cinye, ya haɗa da waina goma sha ɗaya, ya tambaya ko akwai sauran miya. Kofin ruwa a hannunsa yana ta ƙara a jikin faranti har aka rasa jin mai magana. Gumi ya jiƙa rigarsa, ga hirami ya ƙi cirewa. Babban abin shi ne ido. Kin san a irin wurin nan kai ake sunkuyarwa. To Malam tun da ya zauna ya kafe Alhaji Ashiru da ido, ko ƙiftawa ba ya yi, har bawan Allah ya shafa hularsa ya duba rigarsa ko wani abu ne ya zuba.

Yaya, ba da gangan yake yi ba. Idanunsa ne suka firfito, fari ya bayyana sama da ƙasa. Mu ma a gida haka yake kallonmu. Ranar nan Fa'iza ta kawo masa shayi, ya dube ta zai ce sannu, sai ta fashe da kuka ta ce ita ce ta fasa madubin ɗakinsa tun bara.

Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa jin muryarsa ta wuce tsakar gida ba. Yanzu ya yi faɗa da mai ruwa, ya yi da mai gyaran rediyo, ya tsaya bayan sallar asuba ya gaya wa liman surar ta yi tsawo. In ya huce sai ya zauna ya yi tagumi. Shekaranjiya ya ce mini ya gano abin: wai haƙurinsa a cikin rabin da aka cire yake, likitoci sun tafi da shi. Na yi dariya, da na juyo na ga shi ba wasa yake ba, sai tausayi ya kama ni.

Yanzu ga mummunan labarin. Alhaji Ashiru ya aiko cewa a dakata, suna bincike, za su ba da amsa ƙarshen Satumba. Jiya wata tsohuwa daga Kusfa ta shigo wai neman ganyen zogale, ta zauna tana zagaye har ta tambaye ni ko a danginsu Malam an taɓa samun wanda aka ɗaure a ɗaki. Taɓin hankali suke zato, Yaya, kuma suna tsoron yana bin jini. Na ce mata babu. Ta dubi Malam yana fifita a tsakar gida ana yayyafi, ta ce to Allah ya ƙara lafiya.

Ki yi masa magana, ke kaɗai yake jin kunyar musu da ke.

Ƙanwarki,
Rahama.

*

Fatakwal,
13 ga Agusta, 2024.

Yaya Bahago,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Lafiya muke, in ban da Muntasir da ya daina cin abinci, kai kuma ka ci na gari guda.

Kaza biyu, Yaya. A gidan surukai. Na aike ka da sanyi ka je musu da wuta. Kwana biyu na yi ina tsara zagin da zan rubuto maka, na cika shafi uku, sai wani saƙo ya zo ya sa na yaga.

Ihsan ce ta kira Muntasir. Ta ce tana jin nauyin ta faɗa, amma shiru zai fi muni. Ranar da ta durƙusa gaishe ku, da yake daga ƙasa take kallo, ta hango tabo ƙarƙashin hiraminka lokacin da kake share gumi. Ta ga idanun, ta ga carbinka yana rawa a hannu. Ta ce ta sha ganin irin haka a wurin aiki: wani lokaci bayan an cire rabin abin, rabin da ya rage sai ya kama aiki fiye da ƙima. Ta ce ba hauka ba ne, ciwo ne mai magani, amma in aka bar shi yana taɓa zuciya. Ka je a gwada jininka cikin satin nan, ban da jan ƙafa.

Ta gaya wa babanta cewa ita a ganinta rashin lafiya ce ta jiki. Ya ce mata yarinyar da take son aure ko mahaukacin kasuwa ta gani za ta ce zazzaɓi ne. Ba ta ambaci tabon ba. Ta ce abin da dattijo ya rufe da hannunsa ba ita za ta buɗe ba, ko da auren zai tafi. Ka ji irin yarinyar da kake nema ka ɓarar mana.

Ni ma ina da laifi. Ka rubuto mini ciwo tiryan-tiryan, na karanta na ce lafiya ce, har ina yi maka kirari. Ka yafe ni. Ka tafi asibiti, kuma ka hau keke, kar ka taka.

Jummai.

*

Birnin Zariya,
30 ga Agusta, 2024.

Hajiya Jummai,

Ina gaisuwa. Na je, an gwada, sakamako ya fito. Yarinyar ta yi gaskiya.

Likitar mace ce, ba ta girmi Fa'iza da yawa ba. Ta sa na miƙa hannuwa ta ɗora takarda a kai, takardar ta kama rawa kamar an kunna mata kiɗa. Ta yi mini bayani cewa naman nan na wuya shi ke saita saurin jiki. Sojojin jiki da Allah ya yi don su yaƙi cuta, su ne suka ruɗe suka juya suna zuga rabin da ya rage, shi kuma yana ta aiki ba hutu. Shi ya sa zuciya gudu, ciki gudu, baki gudu. Ta ce aikin da aka yi mini lafiya aka yi shi, wannan wani ciwo ne daban da yakan taso wa wasu bayan aiki, ba kasafai ba, ni dai na shiga cikin 'yan kaɗan ɗin.

Na tambaye ta ko rabin da suka cire yana nan a ajiye, don ina zargin akwai wani abu nawa a ciki. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce haƙuri ba a wuya yake ba, zai dawo in magani ya kama. Da na gaya mata ina lasar gishiri kowace safiya bisa umarnin wata ƙwararriya ta Fatakwal, sai ta dafe kai. Ta ce ba shi ya kawo ciwon ba, amma kamar zuba kananzir ne a murhu. Kifinki yanzu yara ke ci suna sa miki albarka.

Ta ba ni ƙwayoyi iri biyu, ɗaya na rage gudun zuciya, ɗaya na lallashin rabin. Ta ce za a shekara ɗaya da rabi ana sha ana gwaji, kuma in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in ajiye magani in zo a ranar. Idanu su ne za su daɗe. Kwana tara ke nan, ga rubutuna kin gani, teburin ya fara warkewa. Na je na ba liman haƙuri.

Saura maganar Kusfa, kuma nan ne nake jin kunyarki. Da hankalina ya dawo na tuna abin da na yi a zauren nan, sai da na rufe fuska da hula. Na san abin da zai gyara: in je in kwance hirami in ce ga dalili. Amma Jummai, na tambayi likitar ko abin yana bin jini, ta ce yakan bi, musamman ga mata. In na faɗa a zauren Kusfa ranar Asabar, kafin Juma'a ya zagaye ganuwa. Akwai yaron da yake zuwa wurin Fa'iza wata shida ke nan, Nabil, mutanensa suna shirin turowa. Ga ƙannenta biyu a baya. Na rasa yadda zan yi, ɗan Abdullahi a hannun dama, 'ya'yana a hagu.

Zan tura Malam Auwal ya ce musu hawan jini ne ya taso mini ranar. Ki gaya mini ra'ayinki, ina jira.

Yayanki,
Bahago.

*

Fatakwal,
7 ga Satumba, 2024.

Yaya,

Alhamdu lillahi da aka gano. Ka sha magani a kan lokaci, gishirin kuma a ba masu awara.

Na kwana biyu ina juya maganarka, na kuma zaunar da Muntasir na gaya masa komai. Ya ce ba zai gina gidansa a kan na su Fa'iza ba. Ni ma haka na gani. Kar ka kwance hiramin nan. A gwada musu uzurin hawan jinin, in sun karɓa to, in ba su karɓa ba Allah bai rubuta ba. Zai yi ciwo, amma namiji ne, zai warke. Ban ba ka wannan aiki don in tona maka asiri ba.

Ka ji ni da kyau, na yafe maka kaza biyun.

Jummai.

*

Birnin Zariya,
6 ga Oktoba, 2024.

Hajiya Jummai,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, nauyina ya fara dawowa, malmala biyu yanzu take isata.

Takardarki ta bakwai ga Satumba jiya ta iso. Motar Yahaya ta lalace a Lakwaja, ya bar ta wurin makanikai ya tafi neman kayan gyara har Onica, takardar tana cikin aljihun ƙofa sati huɗu. Ni kuwa ina nan ina ƙirga kwanaki. Da na ji shiru na ce Jummai ta yi fushin da ba ta taɓa yi ba, tun da ko zagi ta hana ni. Na san ana iya kiran waya, sau uku ina ɗauka ina ajiyewa don tsoron abin da zan ji.

Malam Auwal ya kai maganar hawan jini. Yayan Alhaji Ashiru ya ce shi ma yana da hawan jini shekara ashirin, bai taɓa sa shi cin kaza biyu ba. Aka ce amsa tana nan ranar Lahadin ƙarshen wata, kuma kowa ya san wace amsa ce.

Ranar Asabar, ana gobe za a ba da amsar, da hantsi na zauna da Rahama da Fa'iza na gaya musu abin da nake so in yi. Rahama ta ce tun tuni ya kamata. Fa'iza ta tashi ta goge mini riga.

Na tafi Kusfa tare da Malam Auwal, muka same su su huɗu a zauren. Na gaishe su yadda ya kamata, na bar dattijon ya gai da damina har ya gaji. Na sunkuyar da kai iyakar yadda idanun suka yarda. Sannan na kwance hiramin na ninke shi a gabana, na ɗaga haɓa, na ajiye takardun asibiti a kan tabarma. Na ba su labari tun daga Iya Hassana har zuwa gishirinki. Ƙaramin ƙaninsu ya yi ta danne dariya wajen gishirin.

Alhaji Ashiru bai taɓa takardun ba. Tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, "Malam, ana gadonsa?"

Jummai, ƙarya ta zo har bakina, ƙarama ce, ba wanda zai kama ni. Na ce, "Likita ta ce yakan bi jini. Kakata ta yi maƙoƙo, ni na yi, kuma Muntasir jininmu ne. Ba zan ce muku ba zai taɓa zuwa ba. Abin da zan ce, yana da magani, ga ni a gabanku."

 Alhaji Ashiru ya ce ya aurar da 'ya'ya shida, kowane sai ya aika tsofaffi sun bi gida gida kafin a tono abin da dangin miji suka binne, yau ne karo na farko da aka kawo masa har zaure ba a tambaya ba. Ya juya wurin yayansa, dattijon ya fara wani dogon bayani, na zauna na ji shi har ƙarshe, minti ashirin da biyar, a ƙarshensa aka ba mu Ihsan. An sa rana, Asabar ta biyu a watan Janairu. Aka kawo kaza guda ɗaya aka ajiye ta can kusa da Malam Auwal. Na taɓa na ture.

Ki gaya wa Muntasir ya ci abinci. Ki gaya masa kuma na ji abin da ya ce game da su Fa'iza, ɗan Abdullahi ne da gaske.

Labari kuwa bai jira Juma'a ba, ranar Talata ya riga ni zuwa kasuwa. Mata uku sun zo gida a ɓoye suna tambayar Rahama sunan likitar. Nabil kuma bai sake zuwa ba. Ranar Alhamis ya aiko cewa mahaifiyarsa ta ce a ɗan dakata, kin san irin dakatawar.

Ba don ki ji nauyi na gaya miki ba, ko takardarki ta zo a kan lokaci ina jin da na je. Amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na kira Fa'iza zaure don in ba ta haƙuri, na fara kame-kame, ta tare ni. Ta ce, "Baba, in tabon wuyanka ya kore shi, ranar da nawa ya fito ina zai tsaya? Gara da ya tafi ina gidanmu."

Hawaye suka zubo mini a gabanta, na kasa tsayar da su. Na ce mata ciwon idon ne, likita ta ce yakan sa ruwa. Ta miƙo mini gefen mayafinta ta ce, "Na sani, Baba."

Ki zo da wuri kafin biki, gidan yana bukatar mai surutu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki,
Bahago.